Dogon Hannun Rigar Yaya Kumfa

Duk wanda ya shigo layinmu da hantsi, hancinsa ne ke fara gaisawa da yayata kafin idonsa ya gan ta. Shagon wanki da guga gare ta, tsakanin mai gyaran takalma da mai cajin waya, ɗaki ɗaya a gaba, ɗan fili a baya inda igiyoyi shida suka miƙe daga katanga zuwa katanga. Shekararta talatin da ɗaya tana wanki a wurin. Ni ce autar gidanmu, ni ke riƙe da dutsen guga, kuma shekarata ashirin da biyu a gefenta. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta da idona na gani, wanda ban gani ba kuwa na jiyo shi ta tagar da ke tsakanin teburina da bahonta.

Yaya Kumfa ake kiranta a layin, har waɗanda suka girme ta, don ba ka taɓa ganinta babu ɗigon kumfa a goshi ko a gefen ɗankwali. Sunan ba ya damunta. Abin da ke tayar mata da jijiyar wuya shi ne a ce wankin wani ya kai nata. Tana da wani haɗi da take yi da kanta a tsohuwar jarka: garin sabulu, ɗan bula, da turare kala uku waɗanda ta ƙi gaya mini sunansu, ni da muka sha nono ɗaya. In za ta haɗa, sai ta aike ni sayen gawayi, ko da kuwa buhu biyu na jingine a bango. Amma a faɗi gaskiya, in ta wanke maka riga sai ka yi sati kana wucewa ana waiwayenka. Akwai direban tasin da ya rantse fasinjojinsa sun ƙaru tun da ya fara kawo mata kaya.

Hirarta da kaya ta fi hirarta da mutane yawa. Za ka jiyo ta daga baya tana cewa, "Kai wuyan rigar nan, yau ni da kai ne," ko ta ɗaga wando ta ce, "Wannan bawan Allah ya sake zama a bencin bakanike." Daga maɓallin da ya tsinke ba a mayar ba take gane gidan da aka yi faɗa, amma ba ta taɓa fitar da maganar kowa ba, sai dai ni in sha labari. Mijinta ya rasu ɗansu na da shekara bakwai. Da wannan bahon ta ciyar da shi, ta kai shi makaranta, har ya zama mai gyaran wutar lantarki. Injiniya muke ce masa. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, kullum da safe sai ya yi atishawa bakwai a jere, har maƙwabta na gane lokacin tashi da ita. Yana ƙarami ma ya sha fama da asma.

Abu guda ake yi wa Yaya dariya a kai. Mai wanki ce, amma ba ta naɗe hannun riga. Rigunanta duk na auduga ne masu dogon hannu, har wuyan hannu, ta kuma ɗaure bakinsu da roba. Haka za ta wuni hannun rigar sharkaf yana ɗiga. In an tambaye ta sai ta ce sanyi take ji, ko da ana zafin da kare ke neman ƙarƙashin mota.

Ni na san dalili. Mahaifiyarmu ta ce tun Yaya na wata biyu a duniya kumatunta suka bushe suka yi ƙuraje. Da ta taso abin ya sauka lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, ya lafa wata uku, ya taso wata ɗaya, ta yi ta susa har jini. A makaranta malaminsu ya ware mata benci ita kaɗai a bayan aji. Maƙwabciyarmu ta hana 'ya'yanta sa hannu a kwano ɗaya da ita, wai ƙazuwa ce, ɗauka ake yi. Tana shekara goma ta sauke hannun rigarta, ba ta ƙara ɗagawa a gaban mutane ba. Ko ɗanta bai taɓa ganin gwiwar hannunta ba, kuma ta yi imani wannan ne ya tsare shi. Na sha gaya mata, "Yaya, shekara nawa muka yi muna kwana shimfiɗa ɗaya? In ɗauka ake yi ai da tuni na ɗauka." Sai ta ce, "Ke fatar kada gare ki, me zai kama ki?"

Injiniya ya auri wata malamar firamare, doguwa, mai sanyin magana. Malama muke ce mata. Shekara takwas suna jira ba haihuwa. Yaya ba ta taɓa ce musu uffan ba, amma ni na san akwai akwati a ƙarƙashin teburin gugata cike da 'yan riguna da huluna da safa. Duk shekara sai ta fito da su ta wanke, ta shanya a igiyar ƙarshe inda ba a hangowa daga titi.

Ranar da waya ta zo wata Talata ce, wajen ƙarfe goma, hannunta na cikin wandon wani lauya. Na kara mata wayar a kunne. Ina jin muryar Injiniya na rawa, "Mama, an sauka! Mace ce!" Wallahi ban san Yaya ta iya gudu ba sai ranar. Ta saki wandon a ruwa, ta zura silifas ɗinta ɗaya da nawa ɗaya, ta yi waje kumfa na tashi. Ta girgiza mai gyaran takalma har ƙusa ta faɗo daga bakinsa, ta gaya wa mai cajin waya, ta gaya wa wani baƙo da ya tsaya tambayar hanya. Direban tasin nan ya zo kawo kaya, ta fizge su ta jefa cikin shago, ta faɗa motarsa tana cewa, "Asibiti! Na yi jika!" Da ƙyar na samu na ja ƙofa na faɗa kujerar baya. Wandon lauya kuwa sai washegari aka tuna da shi, ya sha bula har ya canza kala.

A asibiti nas ta buɗe mana tawul. Ga yarinya jawur, kumatu kamar an cusa mata lemo biyu. Kowa kumatun yake kallo, Yaya kuwa kunnuwan ta tsura wa ido. Mu a gidanmu kunne gare mu, manya, a buɗe, irin waɗanda ɗankwali ba ya iya rufewa. Ta yi ihu har nas ta ce a rage murya.

"Kunnuwana ne! Auta, zo ki gani, wallahi kunnuwana ta kwaso!"

Ta bi gadaje tana ture ɗankwali tana nuna wa matan da ba su san ta ba nata kunnen. Malama na kwance a gajiye, tana dariya tana hawaye. Tun ranar sunan yarinya ya zama Mai Kumatu a bakin kowa, Yaya kaɗai ke ce mata Ƙawata.

Daga nan kwastomominmu suka shiga uku. Yaya ta ce wankan jikarta da wankin kayanta ba mai taɓawa sai ita. Gidan Injiniya layi biyu ne daga shago, sau uku take zuwa a rana, safe da azahar da la'asar, kuma kowane zuwa da wanka. Ruwa mai zafi-zafi, sabulu mai ƙamshin fure, soso, ta cuɗe yarinya tas, ta bi ta da hoda da turare. Kayan kuwa ta ba su haɗin jarka fiye da na kowa, har da ɗan sitaci a zanen gado don ya tsaya. Da mutane suka fara ƙorafin kayansu na daɗewa, sai ta ce, "Ku yi haƙuri ku bi layi, babbar kwastoma ta zo gari."

Wata rana da azahar, yarinya na da sati biyar, na raka ta. Malama ta samu barci, daga mu sai jaririya a banɗaki. Hannun rigar Yaya ya jiƙe yana shafar fuskar yarinya, ita kuma tana ta ɓata rai. Yaya ta leƙa ƙofa, ta dube ni, sai ta cire robar ta naɗe hannun rigar har dantse. Ta tallafo Ƙawarta a kan fatarta, tana mata waƙa, tana ƙyalƙyala dariya. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba, har sai da na juya baya na share ido.

Bayan sati biyu, kumatun nan da muke alfahari da su suka bushe, suka yi kaushi, suka yi duhu-duhu da ƙananan ƙuraje. Yarinya ta riƙa goga fuska a kafaɗar uwarta tana kuka, nono ma sai ta kama ta saki. Nan fa masana suka fito. Matar mai gyaran takalma ta ce zafi ne. Ƙanwar Malama ta ce ƙwan da uwar ke ci ne. Wani ya ce kyanwar maƙwabta ce. Yaya kuwa tana cikin yi mata wanka. Ta duƙa ta kalli kumatun, na ga fuskarta ta sauya, don ita ta san abin da take kallo. Ta ajiye soson a bakin baho, ta ce wa Malama, "'Yata, ƙarasa mata, na bar aiki a shago."

Muna fita ta damƙe hannuna. "Ni ce, Auta. Rana ɗaya tak na naɗe hannu, rana ɗaya." Na ce haba Yaya, na yi rantsuwa, na yi faɗa, ko gezau. Ta matsa mini sai da na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba. Daga ranar ba ta ƙara taɓa jikarta ba, ta kuma daina zuwa gidan. Ni nake karɓo kayan yarinya in mayar.

A nan ne ta yi kuskuren da sai mai wanki zai yi. A wurin Yaya babu abin da wanki ba ya fitarwa, in bai fita ba to sabulu ne bai isa ba. Ta ƙudura sai ta kashe cutar a jikin kaya. Ta ninka haɗin jarka, ta ƙara ruwan cire tabo, ta ƙara turare. Ɗaurayar da take yi sau uku ta mayar sau ɗaya, wai don maganin ya zauna a zare. Ni kuma mai ganin kaina da wayo, na bi su da guga, na ninke, na kai da hannuna. Cikin kwana goma ƙurajen suka sauka wuya da ƙirji da hannuwa, duk inda riga ke taɓawa. Kullum na dawo sai ta tare ni a ƙofa, "Ya take?" In na ce da sauƙi ta gane ƙarya nake, ta koma ta ƙara sabulu.

Wata Asabar da hantsi sai ga Malama da Injiniya a shago, yarinya a kafaɗa. Malama ta ratsa igiyoyi har bakin baho ta miƙa ta.

"Mama, ga Ƙawarki ta zo gaishe ki."

Yaya ta ja da baya har ta tuntsurar da bokiti. "Hannuna da ruwa," in ji ta.

"Ga tawul."

"Akwai sabulu a jikina."

Malama ta rungume 'yarta. "Mama, ƙyamarta kike yi? Don fuskarta ta ɓaci?"

Injiniya bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Shekara takwas kina jiranta, Mama. In ba kya son ganinta a haka, ba za mu ƙara kawo ta ba." Suka fita. Yaya ta tsaya ruwa na bin ƙafarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, da ita, da kaina, da malamin nan mai benci da ya daɗe a kabari. Na ce, "Jibi Litinin za su asibitin yara. Za ki je, ko da a buhun gawayi zan saka ki." Ta ce ba inda za ta. Ranar Litinin da sassafe na ɗauke jarkar haɗin na ɓoye a gidana, na ce ba za ta gan ta ba sai mun dawo. Kafin minti biyar ta yafa mayafi.

Asibitin yara cike yake, uwaye benci-benci, sikelin awon jarirai na lilo a lungu, kuka ta ko'ina. Yaya ta zauna can ƙarshen benci nesa da su Malama, hannuwa a cikin mayafi. Da aka kira su na tura ta gaba muka shiga duka. Likitar 'yar ƙarama ce mai tabarau, ba ta wuce sa'ar Malama ba. Yaya ta raɗa mini, "Wannan ai ko zanen gado ba za ta iya matsewa ba."

Likita ta tuɓe yarinya ta duba ta a hankali, kumatu, wuya, bayan kunne, lanƙwasar hannu. Da ta ɗaga tawul ɗin da aka naɗo ta a ciki don ta ajiye gefe, ƙamshi ya tashi ya cika ɗakin. Injiniya ya saki atishawa, ɗaya, biyu, har bakwai cif. Likita ta jira ya gama, ta ce, "Kullum haka kake?" Ya ce tun yana yaro, in dai ya shaƙi ƙura ko turare mai ƙarfi. Ta tambaye shi asma, ya ce ya yi, yana sakandare ta sake shi. Ta rubuta. Sannan ta shinshina tawul ɗin ta ce, "Wa ke wanke kayan nan?"

Duk da halin da take ciki, sai da Yaya ta gyara zama. "Ni ce."

"Da me, Mama?"

Jama'a, abin da na yi shekara ashirin da biyu ina roƙo, a minti ɗaya ta zazzage wa yarinyar nan, turare uku da sunansu da yawan da ake zubawa! Na saki baki ina kallonta. Likita ta tambayi ɗauraya sau nawa, wanka sau nawa, da wane sabulu, da soso ko da hannu. Kowace amsa sai ta ɗaga gira ta rubuta.

"Saura tambaya ɗaya," in ji ta. "A dangi, ta wajen uwa ko ta wajen uba, akwai mai bushewar fata da ƙaiƙayi, irin mai tafiya yana dawowa?"

Malama ta ce ita dai ba ta san kowa ba a nasu. Injiniya ya ce, "Mu ma babu." Na kalli Yaya, ta kalli ƙasa. Na ce, "Yaya, na yi alkawari ba zan faɗa ba, amma ban yi alkawarin tashi daga kujerar nan ba. Ko mu wuni."

Yaya ta dubi ɗanta. Sannan ta fito da hannuwanta daga mayafi, ta cire robar dama, ta cire ta hagu, ta naɗe. Fatar lanƙwasar hannun ta yi kauri ta yi baƙi, duk layin susa, wani wurin ya tsage. Injiniya ya ce, "Mama!" Ita kuwa magana ta ɓalle mata.

"Likita, ni na shafa mata. Rana ɗaya na ɗauke ta da hannun nan a buɗe. Ba ƙyamarta nake yi ba, 'yata, wallahi kaina nake ƙyama. Ku yi mata magani, ni na yarda ko daga nesa in riƙa ganinta."

Likitar ta ajiye biro. Ko safar hannu ba ta sa ba. Ta kama hannun Yaya da hannuwanta biyu, ta shafa wurin da yatsa, ta juya shi ta duba. Yaya ta so ta fizge, ta ƙi saki.

"Mama, wannan ba a ɗaukarsa. Ko shekara za ki yi kina goya ta ba riga, ba za ki shafa mata ba. Wasu ana haihuwarsu da fata mai saurin bushewa, ba ta riƙe danshi, abu kaɗan ya taɓa ta sai ta yi fushi. Abin yana bin dangi. In uwa ko uba na da shi, ko asma, ko irin atishawar nan ta maigida, jariri ya fi kusa da samu, kuma yawanci a watannin farko yake nunawa, a kumatu. Ke kina da na fata, ɗanki ya samu na hanci da ƙirji, ita ta zo da na fata. Tun kafin ki fara ganinta tana tare da shi." Ta ɗaga tawul ɗin. "Abin da ke tayar da shi kuma ga shi nan. Ragowar sabulu a kaya, turare, sitaci, wanka sau uku da ruwa mai zafi da soso. Fatar babba ma sai ta kai ƙara, balle wannan."

Yaya ta dubi hannuwanta. Can ta ce, "To a jini na ba ta ke nan. Ai wannan ya fi muni."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kunnuwan fa? Da kika bi gadaje kina nuna wa mutane, ta ina kika ba ta su, a jaka? Hanya ɗaya suka biyo. In kin karɓi kunne, ki karɓi wannan ma." Likita ta tuntsire da dariya. Ta kalli kunnen yarinya, ta kalli na Yaya, ta kalli nawa, ta ƙara wata.

Ta rubuta wani man shafawa na magani na 'yan kwanaki don wuraren da suka yi tsanani, ta nuna yadda ake shafa shi kaɗan-kaɗan. Sauran ta ce aikin gida ne. Wanka sau ɗaya, gajere, da ruwa mai ɗan ɗumi, ba soso ba turare. Kayan auduga da aka ɗauraye sosai, a riƙa yanke mata farce. Sai mai mai kauri mara ƙamshi, a shafe jiki duka aƙalla sau biyu a rana, musamman da an fito daga wanka. Ta ce ba ta yi alkawarin zai tafi gaba ɗaya ba, zai riƙa lafawa yana tasowa, amma yara da yawa yana sakinsu in sun girma. "Abin yana son hannu mai haƙuri, wanda ba ya gajiya," in ji ta. "Ke ma, Mama, ga naki, sannan ki nemi safar roba ta wanki. Shekara talatin kina jiƙa shi da ruwan sabulu a cikin hannun riga, dole ya ƙi lafawa."

Malama ta dubi surukarta. Ta tashi da yarinya daga ita sai nafkin, ta zagayo tebur, ta ɗora ta a kan hannuwan Yaya yadda suke a buɗe. Yaya ta sandare. Mai Kumatu ta juya kai, ta goga kumatunta a lanƙwasar hannun kakarta, ta yi hamma. Kukan da Yaya ta fashe da shi sai da nas ta leƙo. Injiniya na hawaye, Malama na hawaye, ni ma dai ba zan ɓoye ba. Sai atishawa ta sake kama Injiniya, duk muka koma dariya.

A hanyar dawowa ba ta bari kowa ya karɓi yarinya ba. Ta sa direba ya tsaya ta sayi sabon baho, fari, ƙarami, ta ce na Ƙawata ne, haɗin jarka ba zai taɓa ganin cikinsa ba. Kayan yarinya duka ta sake wankewa, ɗauraya sau biyar, tana shinshinawa tana girgiza kai, "Wanki ba ƙamshi, Allah ya kawo mu zamani." Safe da yamma tana gidan, ta shafe Ƙawarta da mai tun daga goshi har yatsun ƙafa, ta shafe nata hannun da abin da ya rage a tafi. Cikin sati uku kumatun suka yi laushi. Abin yakan leƙo in an yi zafi, amma yanzu mun san shi, ba mai firgita.

Ranar da ta fara fitowa shanya da hannu a naɗe da safar roba ruwan ɗorawa, mai gyaran takalma ya tsaya da guduma a sama yana kallo. Ta tako ta miƙa masa hannun har hanci. "Kalla da kyau, ba a ɗauka, likita ta faɗa. Gado ne. Jikata ma tana da shi." Da irin muryar da ta nuna kunne a asibiti ta faɗe shi.

Washegari ta zube rigunanta tara a kan teburin gugata, ta miƙo mini almakashi. "Yanke hannuwan." Na yanke. Zan zuba guntayen a shara ta riƙe ni. Audugar ta sha wanki har ta fi duk abin da ake sayarwa a kanti laushi. Ta ɗauraye su sau bakwai, ta zauna da zare da allura ta ɗinka 'yan safar hannu ƙanana, don kada yarinya ta yagi fuskarta in ƙaiƙayi ya taso. Da yamma na raka ta ta kai. Tana zura mata ta farko, Mai Kumatu ta kai baki tana tsotsa. Yaya ta duƙa daidai babban kunnen nan, na ji tana ce mata, "Ke kam, Ƙawata, ba wanda zai ware miki benci. Ina nan."